Zangon canjin jirgi: a fita a ga gari, ko a zauna a jira?

Wasiƙun wannan fitowa yawancinsu daga Maraɗi da kewayenta suka zo, kuma duk a kan abu guda suke. Mutum ya kama hanyar Sin, ko Dubai, ko Umra, jirgi ya sauke shi a wani babban birni, sai bayan awa goma ko fiye zai hau na gaba. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan sawa a Babbar Kasuwar Maraɗi. Na yanki tikiti daga Yamai zuwa ƙasar Sin ta Istanbul. Tikitin ya nuna za mu sauka ƙarfe 9:30 na safe, mu tashi 8:30 na dare. Awa 11 ke nan. Ina so in ga masallatan da ake labari, in kuma leƙa Laleli, unguwar ƴan sari, in ga farashin kaya. Zai yiwu? Daga unguwar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara da fasfo kafin a zo maganar gari. Mai fasfon Nijar, haka ma mai na Najeriya, ba ya ƙetare shingen ƴan sandan filin jirgin Istanbul sai da biza, kuma tun daga gida ake nemo ta, ta ofishin jakadancin Turkiyya da ke Yamai. Idan zama za ka yi a ɓangaren masu canjin jirgi, ba ka buƙatar komai. Idan fita ce, ko ta minti goma ce, sai da biza. Wasu na jin cewa Turkish Airlines na zagayawa da fasinjojinsa cikin gari kyauta, a shirin da suke kira Touristanbul, ga wanda zangonsa ya kai awa 6 zuwa 24. Gaskiya ne, da mota da abinci da ɗan rakiya. Sai dai teburin da ake rubuta suna yana bayan shingen duba fasfo, don haka shi ma bai kuɓutar da kai daga biza ba.

In bizar na hannu, to a zo ga lissafi, don nan ne mutane suka fi yin kuskure. Awa 11 ɗin da ke kan takarda ba duka ne naka ba. Filin jirgin Istanbul ƙato ne ƙwarai. Daga taɓa ƙasa zuwa tsayawar jirgi, da tafiyar ƙafa, da layin duba fasfo, ka ware awa ɗaya da rabi. Ƙarfe 11 ta yi. Filin yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari, wata awa ɗaya da rabi ke nan, ka isa 12:30. Daga ɗaya gefen kuma, ya kamata ka kasance cikin filin jirgi awa 3 kafin tashi, wato 5:30, saboda akwai binciken kaya tun daga ƙofar shiga, sannan duba fasfo, sannan wani binciken, kuma ana rufe ƙofar jirgi kusan minti 20 kafin lokacin da aka rubuta. Komowa ka ba ta awa 2, don da yamma ma'aikata ke tashi. Ashe ƙarfe 3:30 za ka juya. Abin da ya rage maka a cikin gari awa 3 ne. Shi ya sa muke cewa wanda zangonsa bai kai awa 8 ba, kada ya fita shi kaɗai. Ya bi motar kamfanin ko ya zauna.

Ka kuma lura da agogo. Turkiyya na gaban Nijar da awa 2 duk shekara, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da kake ne. Wanda ya bar agogon hannunsa a lokacin Maraɗi zai ga 3:30 alhali can 5:30 ta yi.

Hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa, don cunkoso bai shafe shi ba. Layin M11 yana tashi daga filin jirgi zuwa tashar Gayrettepe cikin kusan rabin awa. A nan za ka canja zuwa layin M2, wanda ya nufi Yenikapı. Canjin akwai tafiya, matakala bayan matakala, don tashar na da zurfi sosai. Ka ba shi minti 10 zuwa 15. Ka sauka a Vezneciler. Ana shiga da kati mai suna Istanbulkart, ana sayensa a na'urar da ke bakin tasha a zuba masa kuɗi, kuma da shi ake hawan jirgin kan titi, bas da jirgin ruwa. Kuɗinsu lira ne. Sefa ba ta canzuwa a can, ka riƙe yuro ko dala tun daga gida. Yuro ɗaya sefa 655 da ɗoriya ne, wannan ba ya motsi. Ka canja kaɗan a filin jirgi, daidai na kati da abinci, domin masu canji na cikin gari sun fi ba da farashi mai kyau. Kada ka dogara da farashin da wani ya biya bara, lira na saurin faɗuwa.

Vezneciler na tsakanin abubuwa biyun da kake so, amma awa 3 ba za ta ɗauki duka biyun yadda ya kamata ba. In ka yi arewa, tafiyar minti 10 za ta kai ka masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya gina wa Sarkin Turkawa Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. Azahar a Istanbul wajen ƙarfe 1 take, ka ga ka iso daidai. Mun fi ba ka shawarar wannan a kan Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, don waɗancan layin baƙi kaɗai na iya cin rabin lokacinka. Daga farfajiyar bayan Sulaimaniyya ana hango ruwa da gadoji da ɓangaren Asiya gaba ɗaya. In ka idar, sai ka gangara ta cikin lungunan ƴan kasuwa zuwa Eminönü, minti 15 zuwa 20, inda kasuwar kayan yaji take, wadda suke kira kasuwar Masar. A bakin gadar Galata ana sayar da gasasshen kifi cikin burodi. Daga nan tashar Haliç ta layin M2 ba nisa, tana bisa gada, sai ka kama hanyar komawa.

In kuwa ciniki ne ya fi damunka, daga Vezneciler ka yi kudu, Laleli na nan kusa. Unguwar ƴan sari ce, za ka ji ana ciniki da Rashanci, Larabci, Faransanci, wani lokaci har da Hausa, kuma ofisoshin aika kaya zuwa Afirka sun cika ta har zuwa Aksaray. Abin da awa 3 za ta ba ka a nan shi ne ganin kaya, taɓa yadi, karɓar katin shago da lambar waya. Kada ka ba da kuɗin ajiya ga shagon da yau ka fara ganinsa kana sauri. Mai gaggawa ba ya taya kaya da kyau, kuma ba ka da lokacin komawa in an samu matsala. Ranar Lahadi babbar rufaffiyar kasuwa, Kapalıçarşı, ba ta buɗewa, shagunan sari da dama ma haka.

Abu na ƙarshe, akwatunanka. In tikitin guda ne daga Yamai har Sin, kayan za su wuce da kansu, ka dai duba ƴar takardar da aka manna maka ka tabbata sunan garin ƙarshe ne a kai. In tikiti biyu ne daban-daban, sai ka karɓi kaya ka sake aunawa, kuma wannan ma yana buƙatar biza.

Tambaya: Ni da ɗana za mu tsaya Istanbul awa 20 a watan Janairu, muna da biza. Burina in ziyarci kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari. An ce mini garin akwai Kiristoci da Yahudawa, ina fargabar abinci da wurin salla. Daga unguwar Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Mafi yawan mutanen garin Musulmi ne, naman gidajen abinci na gama-gari yankan Musulmi ne, kuma a tsohon gari da wuya ki yi tafiyar minti biyar ba ki ga masallaci ba. Kowane babban masallaci na da ɓangaren mata, galibi a baya ko a bene. Ana cire takalmi a sa a leda a shiga da shi. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda muka saba a Maraɗi, saboda haka in a ɗakin otal za ki yi salla, ki tambaya ko ki duba waya. A ƙofar makewayi za ki ga an rubuta Bay ko Erkek, na maza ke nan. Bayan ko Kadın na mata ne. Ki gaya wa ɗanki wannan, don Bahaushe in ya ga Bayan zai ɗauka bayan gida ake nufi na kowa da kowa.

Abin da ya kamata ki ji tsoro shi ne sanyi. Janairu a Istanbul ba irin hunturunmu ba ne mai bushewa. Sanyi ne mai ruwa da iska daga teku, ma'auni kan sauka ƙasa da 10, wani lokaci har ƙanƙara ta zuba. Rigar sanyi mai kauri, safa da rufaffen takalmi su kasance a jakar hannu, don akwatin da aka auna ba za ki gan shi ba sai ƙarshen tafiya. Maganin hawan jini ko na suga ma haka. Rana kuma gajera ce, kafin ƙarfe 6 da rabi an yi magariba.

Ziyarar da kike so tana da sauƙi, kuma hanyarta ce za ta nuna miki cakuɗuwar garin fiye da ko'ina. Daga Eminönü akwai jirgin kan titi, layin T5, yana bin bakin ruwa har Eyüpsultan, inda kabarin yake. Abu Ayyub, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina. Ya rasu a yaƙin da Musulmi suka kai wa birnin a zamanin Mu'awiya. Bayan Sarki Muhammad al-Fatih ya ci garin a 1453 aka gina masallaci a wurin. Ranar Juma'a da ƙarshen mako akwai cunkoso sosai, da safe a ranakun aiki ya fi sauƙi.

A kan wannan layin, kafin a kai Eyüpsultan, akwai tashoshin Fener da Balat. Muna roƙonki ki sauka ko na rabin awa ne. A Fener ne mazaunin shugaban cocin Girkawa yake tun ƙarnoni. Gaba kaɗan a bakin ruwa akwai cocin Bulgeriyawa da aka haɗa da ƙarfe zalla, aka gama a 1898. Balat kuma tsohuwar unguwar Yahudawa ce; da yawansu sun zo ne bayan an kore su daga Andalus a 1492, Sarki Bayazid na biyu ya karɓe su. Duk wannan a cikin tafiyar ƙafa ta ƴan mintuna, da masallatai a tsakani ana kiran salla. Mutumin Maraɗi ya san zama da baƙi, ya san Sabon Gari, ya san Buzu da Bafillace da Bayarabe a kasuwa ɗaya, amma ganin yadda daular Musulunci ta bar wa kowane jinsi unguwarsa da ɗakin ibadarsa shekaru ɗaruruwa abu ne da ya cancanci ɗanki ya gani da idonsa. In za ku leƙa coci, a yi shiru, kada a ɗauki hoton mai ibada. Wurin ibadar Yahudawa ba a shiga sai da izini tun kafin ranar.

Tun da zangonku ya wuce awa 12, ku tambayi teburin otal na kamfanin Turkish Airlines. In tikitin nasu ne duka, kuma babu wani jirgi da ya riga naku tashi zuwa inda za ku, sukan ba da ɗaki kyauta. Ba a haɗa ɗakin da zagayen gari na kyauta, ɗaya ake zaɓa. Game da tasi, a tabbata direba ya kunna mita, kuma in za a miƙa kuɗi a faɗi adadinsu da baki, don akwai masu musanya babbar takarda da ƙarama su ce ita aka ba su.

Tambaya: Zan tsaya Kasablanka ta ƙasar Maroko awa 14. Ni ɗan ɗariƙar Tijjaniyya ne, ina so in je Fas in ziyarci Shehu Ahmad Tijjani in dawo in kama jirgina. Daga Limanci.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, niyya ta yi kyau, amma awa 14 ba za ta kai ba, kuma gara mu faɗa maka tun yanzu. Fita daga filin jirgin Muhammad na Biyar awa ɗaya da rabi. Jirgin ƙasan da ke tashi daga ƙarƙashin filin kusan sau ɗaya yake tashi a awa, ya kai ka tashar Casa Voyageurs cikin minti 30 da wani abu. A nan za ka jira na Fas, wanda ke cin awa 3 da rabi zuwa 4. A Fas kuma zawiyar na cikin tsohon gari, kusa da masallacin Ƙarawiyyin, inda mota ba ta shiga. Tasi zai aje ka a bakin ƙofa ka ƙarasa da ƙafa cikin lunguna. Daga saukarka zuwa ƙofar zawiya kusan awa 7. Komowa awa 5 da rabi in komai ya tafi daidai, ga awa 3 na filin jirgi. An haura 15, ba ka ko zauna ka yi wazifa ba. Kuma wanda ya rasa jirgi da kansa, kamfani na iya soke sauran tafiyarsa har da ta dawowa. In ziyarar ce a ranka, ka koma wurin wanda ya yanka maka tikiti ya mayar da zangon kwana biyu.

Awa 14 kuwa ta ishi Kasablanka kanta. Maroko ta yafe wa masu fasfon Nijar bizar gajeren zama, masu na Najeriya sai da biza. Duk da haka ka tambayi ofishin kamfanin jirgi kafin tashi, don akan ƙara sharaɗin neman izini ta intanet lokacin manyan taruka. Ka wuce da jirgin ƙasa har tashar Casa Port. Daga nan ƙaramin tasi ja, mai ɗaukar mutum uku, zai kai ka masallacin Hassan na Biyu da aka buɗe a 1993, wani ɓangarensa bisa teku, hasumiyarsa ta kai mita 200. Ka daidaita zuwanka da lokacin salla, a lokacin ne masallaci ke buɗe wa masallata ba tare da tikiti ba. Tsohon gari na kusa da tashar, kuma a wajen Bab Marrakech akwai kasuwar da ƴan Senegal da sauran ƴan Afirka ta Yamma suka yi yawa. Mai neman littattafai ya tafi unguwar Habus, can ne shagunan littattafan addini da jallabiyoyi suke. Alƙur'ani bugun ruwayar Warsh, wanda muka saba da shi, shi ne nasu. Faransanci na aiki a ko'ina, Larabcin makaranta ma ana fahimta. Agogonsu daidai yake da namu, sai a watan azumi da suke komawa baya da awa ɗaya. Ka duba lokacin jirgin ƙasa na ƙarshe zuwa filin jirgi tun da ka sauka, don ba ya kwana yana aiki.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, zan kwana Adis Ababa a hanyar Indiya. Me zan kiyaye? Daga Tibiri.

Amsa: Ɗan'uwa, agogo kafin komai. Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, don haka ƙarfe 7 na safe su 1 suke cewa, 6 na safe kuma 12. In direban otal ya ce zai zo ƙarfe 12, ka tambaya na wane lissafi, ka sa ya nuna maka a fuskar wayarka. Tikitin jirgi da lissafin duniya yake, kuma suna gaban Nijar da awa 2.

Ethiopian Airlines kan ba wanda zangonsa ya kai awa 8 zuwa 24 otal da mota, in babu jirgin da ya fi kusa. Wannan tanadin na kwana ne. In yawon gari kake so, ka nemi biza ta intanet tun kana gida, ka riƙe katin allurar shawara tare da fasfo. Filin jirgin Bole a cikin gari yake, wannan ya sauƙaƙa lissafi. Garin na bisa tudu, sama da mita 2,300, saboda haka za ka ji numfashi na yi maka wuya in ka yi sauri, dare kuma akwai sanyi, daga Yuni zuwa Satumba ga ruwa kusan kullum. A Merkato, babbar kasuwarsu, masallacin Anwar da cocin Raguel maƙwabtan juna ne. Waya da fasfo su shiga aljihun ciki, kuma kada ka ɗauki hoton sojoji ko gine-ginen gwamnati. Mahautansu a rabe suke, na Kirista da alamar kuros, na Musulmi da jinjirin wata ko rubutun Larabci. In ka yi shakka, ka ce a ba ka abincin azuminsu, injera, wato wainarsu mai faɗi, da wake da ganye, babu nama babu man shanu a ciki.

Tambaya: A wani filin jirgi an karɓe mini zuma da man habbatus sauda da na saya cikin gari lokacin zango, alhali da kuɗina na saya. Me ya jawo? Daga Ɗan Gulbi.

Amsa: Alhaji, mun ji zafin asarar. Dokar jakar hannu ce: duk abu mai ruwa ko mai kauri, zuma, mai, turare, man shafawa, ba a wucewa da shi sai in mazubinsa bai wuce mililita 100 ba, kuma duka su shiga ƴar leda ɗaya mai ɗaukar lita guda. Girman kwalbar ake dubawa, ko da rabi ce a ciki. Da yake akwatinka ya riga ya wuce, ba ka da inda za ka sa su. A zango a sayi busasshen abu: dabino, shayi, kayan yaji, ƙwayar habbatus sauda maimakon manta, tasbaha, littafi. Turare in ya zama dole, a saye shi a shagunan da ke bayan bincike, a ce su rufe shi a ledarsu mai hatimi da rasit a ciki, kada a buɗe sai an isa, musamman in akwai wani canjin jirgi a gaba.